Yadda ake dawo da sararin faifan kwamfuta bayan an goge manyan fayiloli

Mutum zai goge bidiyon biki mai nauyin gigabayit 40 daga kwamfutarsa, ya koma ya duba sararin da ya rage a faifai, sai ya tarar adadin bai motsa ba, jan layin da Windows ke nunawa a ƙarƙashin faifan C yana nan yadda yake. Da yawa daga cikin waɗanda hakan ta faru da su sukan ɗauka ƙwayar cuta ce ta shiga ko kuwa faifan ne ya lalace, daga nan sai su ci gaba da goge wasu fayilolin da suke bukata, ko su sauke wata manhaja mai iƙirarin tsaftace kwamfuta, ko su kai wa mai gyara ya wanke ta kakaf. A mafi yawan lokuta babu bukatar ko ɗaya daga cikin waɗannan. Sunan fayil ɗin ne kawai ya ɓace daga inda ake ganinsa, amma akwai wani abu a cikin kwamfutar da har yanzu yake riƙe da bayanan, kuma aikin da ke gaban mai ita shi ne ya gano mai riƙon, ya sa shi ya saki.

Kowane faifai yana da tsarin da ke lissafin abin da ke cikinsa. Na Windows shi ne NTFS, na kwamfutocin Apple tun shekarar 2017 shi ne APFS, mafi yawan masu amfani da Linux kuma suna kan ext4. Wannan tsari ba ya lissafa wani yanki na faifai a matsayin fili sai ya tabbatar babu sunan da ke nuni gare shi, babu manhajar da take aiki da shi, babu kuma wani kwafin ajiya da ya dogara da shi. Idan ɗaya daga cikin ukun nan ya rage, sararin ba zai dawo ba. Saboda haka kafin a taɓa komai, a rubuta adadin sararin da ya rage a takarda, a kuma sake dubawa bayan kowane mataki, domin ta haka ne za a san matakin da ya yi aiki, a tsaya a kansa, ba tare da an wuce gona da iri ba.

A fara da kwandon shara

Idan aka danna maɓallin Delete, Windows tana mayar da fayil ɗin cikin wata ɓoyayyar folda mai suna $Recycle.Bin wadda ke kan faifan da aka goge shi. Tamkar mutum ne ya ɗauke buhunan hatsi daga ɗaki ya kai su zaure: ɗakin ya yi fili, amma kayan suna cikin gidan. A buɗe Recycle Bin, a duba abin da ke ciki a tsanake, a mayar da duk abin da ya shiga bisa kuskure, sannan a zaɓi Empty Recycle Bin. Wanda ya tabbatar ba zai sake neman fayil ba yana iya danna Shift tare da Delete tun farko, sai dai ban shawarci kowa ya mayar da wannan al'adarsa ba, domin kwandon shi ne damar ƙarshe da mai kuskure yake da ita.

Akwai abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba a nan. Kowane mai asusu a kwamfutar yana da nasa kwandon daban, kuma wanda ya zubar da nasa bai taɓa na sauran ba. A kwamfutar ofis, ko ta shagon buga takardu, ko ta gidan da mutum uku suke da asusu uku, ana iya samun gigabayit masu yawa kwance a kwandon wani wanda ya daɗe bai shiga ba. Hanya mafi aminci ita ce kowa ya shiga nasa asusun ya zubar da nasa. Mai ikon shugaban kwamfuta, wato administrator, yana iya buɗe Command Prompt da wannan iko ya rubuta `rd /s /q C:\$Recycle.Bin`, wanda zai kwashe kwandunan kowa da kowa da ke faifan C lokaci guda, Windows kuma za ta ƙirƙiri sabuwar folda da kanta. Kada a yi haka sai an sanar da sauran masu amfani da kwamfutar.

Faifan waje da filashi suna da nasu hali. A Windows, abin da aka goge daga ƙaramar filashi yakan tafi kai tsaye, amma babban faifan waje yana da nasa kwandon a cikinsa. A Mac da Linux kuwa, har abin da aka goge daga filashi yana komawa wata ɓoyayyar folda a cikin filashin kanta, wadda Mac ke kira .Trashes, Linux kuma sau da yawa .Trash-1000. Idan aka zare filashin ba a zubar da kwandon ba, aka sa ta a wata kwamfutar, za a ga babu komai a ciki alhali tana cewa ta cika. Maganinsa shi ne a mayar da ita kwamfutar da aka yi gogewar a zubar da kwandon tana jone, ko a sa kwamfuta ta nuna ɓoyayyun foldoji a goge wannan foldar da hannu. Idan kuwa filashi ce da ta zagaya kwamfutocin kasuwa, ta dawo fayilolinta sun koma gajerun hanyoyi ko sun ɓace, to wannan wata matsala ce daban: ƙwayar cuta ce ta ɓoye su, kuma bayan an kawar da ita, umarnin `attrib -h -r -s /s /d E:\*.*` yakan fito da su, idan E ne harafin filashin.

Wasu manhajoji ma suna da nasu kwandon. Manhajar Photos ta Apple tana ajiye hotuna da bidiyon da aka goge har kwana 30 a sashen Recently Deleted, kuma zubar da babban kwandon Mac ba ya shafar wannan sashe.

Fayil ɗin da wata manhaja take riƙe da shi

Wannan ya fi faruwa a Linux da Mac, domin Windows takan ƙi goge fayil ɗin da ake aiki da shi, ta fito da saƙo ta faɗi haka. Linux ba ta ƙi. Umarnin `rm` yana cire sunan nan take, amma idan wata manhaja ta riga ta buɗe fayil ɗin, bayanan za su zauna a faifai har sai ta rufe shi. Misalin da masu kula da sabar suka fi cin karo da shi shi ne fayil ɗin da manhaja ke rubuta rahoton ayyukanta a ciki: ya kumbura ya cika faifai, an goge shi, amma manhajar tana ci gaba da rubutu a cikinsa duk da cewa ba shi da suna, har ma yana ƙara girma. Alamar wannan matsala ita ce saɓani tsakanin umarni biyu. `df -h` yana tambayar tsarin faifai, sai ya ce a cike yake, shi kuwa `du` yana bin sunayen fayiloli yana tara nauyinsu, sai ya kawo adadin da bai kai haka ba.

A rubuta `sudo lsof +L1`, wanda zai jero fayilolin da aka cire sunayensu amma suke a buɗe, tare da sunan manhajar da ke riƙe da kowanne, da lambarta, da nauyin fayil ɗin. Da zarar an rufe manhajar ko an sake tayar da ita, sararin zai dawo a take. Idan manhaja ce da ba za a iya tsayar da ita ba saboda mutane suna aiki da ita, ana iya zazzage abin da ke cikin fayil ɗin ta hanyar foldar /proc, inda kowace manhaja mai aiki take da jerin fayilolin da ta buɗe, amma wannan ya dace ne da fayil ɗin rahoto kawai, kuma yin sa a kan fayil ɗin rumbun bayanai ɓarna ce. Nan gaba, maimakon goge irin wannan fayil, a yi amfani da `truncate -s 0` a kan sunansa, wanda zai bar shi a wurinsa ba komai a ciki.

Ga mai kwamfutar gida, sake kunnawa ya wadatar. A Windows a zaɓi Restart, kada a zaɓi Shut down, domin tun daga Windows 8 akwai tsarin saurin kunnawa wanda ke adana wani ɓangare na halin da kwamfutar take ciki idan an kashe ta, ya dawo da shi idan an kunna, alhali Restart yana farawa ne daga tushe.

Kwafin da kwamfuta ke ajiyewa da kanta

A nan ne sarari ya fi ɓacewa ba tare da mai kwamfuta ya ga inda ya shiga ba, kuma a nan ne ya kamata a fi yin hattara, domin waɗannan kwafi an yi su ne don ranar da wani abu zai lalace.

A Mac, idan an kunna Time Machine, wato manhajar ajiye kwafin fayiloli, kwamfutar tana ɗaukar hoton halin da faifai yake ciki kusan kowace sa'a, ta ajiye shi a kan faifan kanta na tsawon sa'o'i 24. Fayil ɗin da aka goge da rana yana nan cikin hoton da aka ɗauka da safe, saboda haka yankin da yake kai ba zai zama fili na gaske ba sai hoton ya tafi. Mac tana lissafa irin wannan wuri a matsayin wanda za ta iya saki idan bukata ta taso, shi ya sa Finder, manhajar duba fayiloli ta Mac, zai faɗi wani adadi, wata manhajar kuma ta faɗi wani daban. Wanda ba ya cikin gaggawa ya jira kwana ɗaya kawai. Wanda yake cikin gaggawa ya buɗe Terminal ya rubuta `tmutil listlocalsnapshots /` don ya ga hotunan, sannan ya dakatar da ajiyar kai tsaye ta Time Machine na 'yan mintoci, wanda hakan yakan sa a share su, ya kuma tuna ya sake kunna ta. Wani abu kuma game da APFS: idan aka kwafi fayil a kan faifai ɗaya ta Finder, kwafin da na asalin suna tarayya a kan bayanai guda, don haka goge ɗaya daga cikinsu ba ya dawo da wani abin kirki sai an goge duka biyun.

A Windows, makamancin wannan shi ne wuraren komawa na System Restore, waɗanda ke zaune a ɓoyayyar folda mai suna System Volume Information. Umarnin `vssadmin list shadowstorage`, idan an rubuta shi da ikon shugaba, zai nuna nawa suka ci da kuma iyakar da aka ba su. Ana iya rage iyakar a sashen System Protection, ta maɓallin Configure. Abin da na fi so shi ne a buɗe Disk Cleanup, a danna Clean up system files, a shiga More Options, a share duk wuraren komawa a bar na ƙarshe, domin kwamfutar da ba ta da ko guda ɗaya ba ta da inda za ta koma ranar da sabuntawa ta zo da matsala. Masu Linux da ke amfani da Timeshift, ko tsarin Btrfs ko ZFS, su duba tsofaffin hotunan faifai da suka tara, domin ƙa'idar ɗaya ce.

Tunda an shiga Disk Cleanup, a duba abubuwa biyu. Na farko shi ne Previous Windows installation, wato foldar Windows.old da ke zama bayan babbar sabuntawa, wadda Windows ke gogewa da kanta bayan kwana 10, kuma wanda ya goge ta kafin lokacin ya rufe wa kansa hanyar komawa tsohuwar sigar. Na biyu shi ne Windows Update Cleanup. A Windows 10 da 11 ana samun waɗannan a Settings, sashen System, ƙarƙashin Storage, inda kuma ake kunna Storage Sense don ya riƙa zubar da tsofaffin abubuwan kwandon shara da kansa. A cikin jerin akwai foldar Downloads, kuma kada a sa mata alama sai an duba abin da ke cikinta, domin mutane da yawa a nan suke barin takardun makaranta da na aiki, kuma sake sauke manyan fayiloli kuɗin data ne.

Akwai kuma hiberfil.sys, fayil ɗin da Windows ke zuba abin da ake aiki a kai idan kwamfuta ta shiga dogon barci, wato Hibernate. A Windows 10 yakan kai kusan kashi 40 cikin ɗari na girman RAM, wato fiye da gigabayit 6 a kwamfuta mai RAM gigabayit 16. Umarnin `powercfg /h off` yana cire shi, kuma za a ga ana yawan ba da wannan shawara. Ni ban goyi bayanta ga kowa ba. Inda wutar lantarki ba ta da tabbas, kuma batirin kwamfutar ya tsufa, wannan fayil ne ke ceton aikin da ba a adana ba idan caji ya kusa ƙarewa. Shi kuwa pagefile.sys, wani babban fayil da Windows ke amfani da shi don taimaka wa RAM, a bar shi yadda yake.

Fayilolin da ba sa raguwa ko an kwashe abin da ke cikinsu

Wasu manyan fayiloli suna ɗauke ne da wasu abubuwa a cikinsu, kuma an tsara su su riƙa girma, ba a tsara su su riƙa komawa ba. Wanda yake gudanar da wata kwamfuta a cikin kwamfutarsa ta VirtualBox yana iya goge gigabayit 20 a can ciki, ya fito ya ga fayil ɗin VDI, wanda shi ne faifan kwamfutar ta ciki, bai ragu da komai ba. Sai ya cika filin da ke ciki da sifiri, da manhajar SDelete idan Windows ce a ciki ko zerofree idan Linux ce, ya kashe ta, sannan ya matse fayil ɗin da `VBoxManage modifymedium disk` tare da sunan fayil ɗin da kuma `--compact`. Haka lamarin yake ga fayil ɗin ext4.vhdx na masu amfani da WSL, wato tsarin gudanar da Linux a cikin Windows, wanda ake matsewa da diskpart bayan an rubuta `wsl --shutdown`. Tsohuwar manhajar Outlook ma tana ajiye wasiƙu a fayil ɗin PST, kuma bayan an goge wasiƙun an zubar da Deleted Items, akwai maɓallin Compact Now a saitin fayil ɗin. A kwafi irin waɗannan fayiloli zuwa wani faifai kafin a matse su.

Masu haɗa bidiyo, ko na biki ko na fim, su sani cewa goge ɗanyen bidiyon ba ya goge abubuwan da manhajar tacewa ta ƙirƙira daga gare shi. Adobe Premiere Pro tana tara su a Media Cache, kuma ana share su daga cikin Preferences na manhajar.

OneDrive yana da wani abin ruɗani na daban. Fayil ɗin da ke da alamar gajimare a gefensa yana intanet ne kawai, sunansa ne ke kwamfutar, saboda haka goge shi ba zai dawo da komai ba, sai ma ya goge na intanet ɗin. Wanda yake son sarari ba tare da ya rasa fayil ba ya danna shi da maɓallin dama na linzami ya zaɓi Free up space. Duk lokacin da aka yi shakka, a buɗe Properties na fayil a kwatanta Size da Size on disk, domin na biyun ne ainihin abin da ya ci a faifai.

Idan har yanzu lissafin bai daidaita ba

Lokaci ya yi da za a daina hasashe a auna. WinDirStat, WizTree da TreeSize Free suna zana faifan Windows gaba ɗaya su jera foldoji daga mafi nauyi zuwa ƙasa, kuma a buɗe su da ikon shugaba don su ga ɓoyayyun wurare. A Linux akwai ncdu. Waɗannan sun fi manhajojin da ke alkawarin tsaftace komai da danna ɗaya, domin suna nuna wa mutum abin da ke wurin su bar masa hukunci. Sau da yawa abin da ake tararwa shi ne sararin ya dawo, amma wani abu ya sake cinye shi, kamar sabuntawar da ke jiran fili ko manhajar da ke sauke abu a ɓoye. Duk abin da aka gani a cikin foldar Windows, musamman WinSxS, kada a goge shi da hannu. Ita WinSxS ana rage ta ne da `Dism /Online /Cleanup-Image /StartComponentCleanup`.

Akwai adadi biyu da ke sa mutane neman sararin da bai ɓace ba. Masu ƙera faifai suna ƙirga gigabayit da dubu-dubu, Windows kuma tana ƙirgawa da 1024, shi ya sa faifan gigabayit 500 yake bayyana da kusan 465, na terabayit ɗaya kuma da kusan 931. A Linux kuma, ext4 yana keɓe kashi 5 cikin ɗari na faifai don amfanin shugaban kwamfuta, saboda haka faifan da ya cika maƙil zai ci gaba da nuna sifiri har sai an goge abin da ya zarce wannan kaso. A faifan terabayit ɗaya wannan ya kai kusan gigabayit 50, kuma idan faifan ajiya ne kawai, wanda babbar manhaja ba ta kansa, ana iya rage kason da `tune2fs -m 1`.

Abu na ƙarshe da za a zarga shi ne kuskure a lissafin faifan kansa, wanda yakan biyo bayan ɗaukewar wuta ana tsakiyar rubutu, ko zare faifan waje ba tare da an sallame shi ba. A Windows a rubuta `chkdsk C: /f`, a amsa da Y, a sake kunna kwamfutar, a bar ta ta gama ba tare da an katse ta ba, kuma a tabbatar akwai caji ko wutar da za ta kai ƙarshen aikin. A Mac akwai First Aid a cikin Disk Utility, a Linux kuma akwai fsck, wanda ba a gudanar da shi a kan faifan da ake aiki da shi a lokacin. A kwafi muhimman fayiloli zuwa wani wuri kafin wannan mataki, domin idan faifan ya fara mutuwa ne, binciken kansa nauyi ne a gare shi. Jera gutsattsarin fayiloli da manhajar Defragment ba ya cikin maganin wannan matsala, tunda yana sauya wa bayanai wuri ne kawai.

A kuma san cewa a kan faifan SSD, wato sabon nau'in faifai marar juyawa, zubar da kwando kusan yankan ƙauna ne. Tun daga Windows 7 akwai umarnin TRIM, wanda ke sanar da faifan cewa yankin da aka saki ba shi da sauran amfani, shi kuma faifan ya share shi ba da daɗewa ba, ta yadda manhajojin dawo da fayil ba kasafai suke samun komai ba. A tsohon faifai mai juyawa bayanan sukan zauna har sai an rubuta wani abu a kansu, don haka wanda ya gane ya goge abin da bai kamata ba ya daina aiki da faifan nan take, kada ma ya sauke manhajar ceto a kansa, ya sauke ta a wani faifan ya gudanar da ita daga can.